Yadda ake ɗinka jakar yau da kullum da saƙar mutanen Andes ba tare da an lalata ta ba

Saƙar hannu ta mutanen duwatsun Andes da ke Kudancin Amurka ba irin yadin da ake aunowa daga bandir a yanka ba ce. Masaƙiya a Chinchero ta ƙasar Peru ko a Tarabuco ta Bolibiya tana jera zarenta daidai tsawo da faɗin abin da take so, ta saƙa daga wannan baki zuwa wancan, ta sauke shi daga masaƙa da gefunansa huɗu a rufe, babu inda almakashi ya taɓa. Haka ƙabilun Quechua da Aymara na yankin suke saƙa tun kafin zuwan Sifaniyawa a 1532. Duk wanda zai mayar da wannan saƙa jaka, da wannan zai fara lissafi, domin yawancin jakunkunan da ke zarewa tun ba a je ko'ina ba daga yankan ganganci matsalarsu take farawa.

Irin saƙar da ta dace

Wadda aka fi samu ita ce mayafin goyo da ɗaukar kaya, wanda Quechua ke kira lliklla, a Bolibiya kuma aguayo. Falle biyu ne aka haɗa da ɗinkin hannu a tsakiya, kowane falle yakan kai kimanin santimita 50 a faɗi da mita ɗaya a tsawo, amma kowace masaƙiya da nata awon. Sai chumpi, ɗamara mai kauri da ƙarfi, wadda ta fi dacewa da maratayi. Akwai frazada, bargon ulun tumaki mai nauyi, shi ma falle biyu ne. Yana yin jakar tafiya, amma ƙaramin keken ɗinki na gida yana shan wuya a kansa. Jaka ita kanta ba baƙuwa ba ce a wurin. Chuspa, 'yar jakar da ake zuba ganyen koka, falle ɗaya ce da aka ninka biyu aka ɗinke gefunanta, kuma hanya mafi kyau da za a bayyana a ƙasa daga gare ta aka ɗauko ta.

Kusan dukkansu saƙar zaren tsaye ce. Zaren da aka jera a tsaye yana matse da juna sosai har ya rufe zaren kwance, shi ya sa layuka da zane suke bin tsawon yadin. Sarari mai launi ɗaya shi ne pampa, layin zane kuma pallay, wanda ake tsince zarensa ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a danne da tsinken ƙashin dabbar lama. Ƙarfin yadin yana bin zaren tsaye. Idan aka juya shi layukan suka kwanta, nauyi zai hau kan zaren kwance wanda bai kai na tsaye yawa ba, jakar ta yi tumbi.

Batun gashi kuma, na alpaka, dabba 'yar uwar lama, ya fi laushi da sheƙi, amma idan ya miƙe ba ya komawa da sauri, kuma goga da jiki yana sa shi tayar da gashi. Ulun tumaki da aka kaɗa da mazari aka murɗa shi sosai riɓi biyu ya fi jure wahalar jakar kullum. Alpaka ta fi kyau a ƙaramar jakar hannu wadda ba za ta ɗauki fiye da waya da 'yan kuɗi ba.

A kasuwannin La Paz da El Alto na Bolibiya, da na Juliaca da Cusco na Peru, akwai aguayo na inji, na zaren roba, mai launi mai ɗaukar ido, ana sayar da shi da araha. Ba abin kunya ba ne, matan yankin da kansu suna goyo da shi kullum, kuma mai koyon ɗinki ya fara da shi kafin ya taɓa na hannu. Laifin kawai shi ne a sayar da shi da sunan saƙar hannu.

Wadda ba a yankawa

Tsohuwar saƙa ba kayan jaka ba ce. A Coroma, wani gari a yankin Potosí na Bolibiya, akwai tufafin kakanni da al'umma ke adanawa cikin ƙunshi don bukukuwansu. Dillalai sun yi ta kwashe su zuwa ƙetare, har Amurka ta hana shigo da su a 1989, aka kuma mayar wa garin da wasu a 1992. Peru ma tana da doka mai lamba 28296 ta 2004 kan kayan tarihi, wadda ta hana fitar da su daga ƙasar ba da izini ba. Ko doka ba ta hana ba, mayafin da ya shekara sittin zarensa ya gaji, zai yage a bakin ɗinki, kuma wataƙila shi kaɗai ya rage mai ɗauke da zanen da matan garinsa za su duba su farfaɗo da shi. Hanya mai tsabta ita ce a sayi sabuwar saƙa daga masu ita, ko a ba da awo a saƙa falle na musamman don jaka. Cibiyar saƙar gargajiya ta Cusco, wadda Nilda Callañaupa Alvarez 'yar Chinchero ta jagoranci kafawa a 1996, tana aiki da ƙauyuka goma, ciki har da Pitumarca, Chahuaytire da Accha Alta. A birnin Sucre na Bolibiya kuma akwai gidauniyar ASUR da ke aiki da masaƙan al'ummar Jalq'a da na Tarabuco.

Gwaji kafin a sa hannu

A juya yadin a duba bayansa. A saƙar hannu da aka fi yi, zanen yana fitowa a fuska biyu, launukan ne kawai suke musanya wuri. Akwai wani salo mai fuska ɗaya, don haka wannan kaɗai ba hujja ba ce. Shaidar da ta fi ƙarfi tana kusa da baki ɗaya na fallen: wurin da masaƙiya ta zo rufewa, sarari ya ƙure, sai da allura ta ƙarasa, a nan zanen yakan ɗan rikice ko ya koma layuka zalla na 'yan santimita. Inji ba ya barin wannan alama, kuma gefunansa biyu yankakku ne da aka kalmashe.

Daga nan sai a gane zaren, domin saƙar hannu ba lallai ta zama ta ulu ba, masaƙa da yawa suna sayen zaren roba su ƙara murɗa shi. A ciro ɗan zare daga geza ko daga ɗinkin tsakiya a kusanta shi da wuta. Ulu yana warin ƙonannen gashi, yana mutuwa da kansa, tokarsa tana marmashewa tsakanin yatsu. Na roba yana narkewa, ya ci gaba da ci, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Wannan gwaji shi zai nuna zafin dutsen gugar da za a yi amfani da shi.

Na uku, zubar launi. A jiƙa farin ƙyalle da ruwan sanyi, a danna shi minti ɗaya a kan kowane launi, musamman ja, shuɗi da baƙi. Jan gargajiya daga wani ɗan ƙwaro ake samunsa, cochinilla, wanda ke rayuwa a jikin wani tsiro mai ƙaya, kuma Peru ce kan gaba a duniya wajen samar da shi. Ana kama launin a jikin ulu da alif. Rawaya daga furen q'olle, kore daga ganyen chilca, ruwan ƙasa daga bishiyar nogal, shuɗi daga baba. Rinin da aka kama da kyau aka ɗauraye ba ya zuba sosai. Idan ƙyallen ya ɗauki launi, a ɗauraye yadin da ruwan sanyi ana sauyawa har ruwan ya fita fari. Idan bayan ɗauraya huɗu ko biyar bai daina ba, kada a yi jakar kafaɗa da shi, zai rina rigar mai ita ranar da gumi ko ruwan sama ya same shi.

Ko bai zuba ba, a jiƙa shi sau ɗaya kafin awo: ruwan sanyi, ɗan sabulun wanke ulu, minti 15, ba cuɗa ba matsa. A naɗe shi cikin tawul a danne, a shimfiɗa a inuwa. Duk tsukewar da zai yi gara ya yi ta yanzu, tun ba a haɗa shi da shafi ba.

Hanyar da ba a yanka

Wannan ita ce muka fi ba da shawara a kai. A warware ɗinkin tsakiyar lliklla a hankali da bakin allura, a ajiye zaren domin gyara. Yanzu akwai falle biyu, kowanne da gefunansa a rufe, wato jaka biyu. A ɗauki ɗaya, a ce santimita 50 da 100, a ninka shi biyu ta tsawo ya zama 50 da 50. Ninkin shi ne gindin jakar, babu ɗinki a wurin da nauyi ya fi taruwa.

Kafin a ninka, a duba zanen. Idan taurari ne ko lu'ulu'u ko kogi mai lanƙwasa, kowane ɓangare daidai ne. Idan kuwa dawaki ne da tsuntsaye da mutane irin na Tarabuco, waɗanda suke tsaye a gaban jakar za su kifa kai a bayanta. Ko a yarda da hakan, ko a yi amfani da fallen biyu gaba da baya. Saƙar Jalq'a ba ta da wannan damuwa, halittunta ja a kan baƙi dama sama da ƙasa suke fuskanta.

A haɗa gefuna da hannu, baki da baki, da zaren ulu mai ƙarfi riɓi biyu, ana kama kamar milimita 4 a kowane gefe, tazarar ɗinki milimita 3 zuwa 4. A Chinchero ana rufe irin wannan haɗi da wata siririyar igiya mai zanen idanu, ñawi awapa, wadda ake saƙawa ana ɗinka ta a jikin gefen lokaci guda. Wanda bai iya ba zai iya ɗora siririn kirtanin ulu a kan ɗinkin.

Don a ba jakar gindi mai faɗi, a juya ta ciki waje, a baje kowace kusurwa ta zama mai baki uku, ɗinkin gefe yana tsakiya, a ja layi mai tsawon santimita 10 a ɗinka a kansa. Kada a yanke kunnen da ya rage. A kwantar da shi a gindi a kama shi da ɗinkin hannu. Jakar za ta fito da faɗin kusan 40 a ƙasa da tsayin 45, sai a ninka bakin santimita 4 zuwa ciki. Amfanin wannan hanya shi ne ko bayan shekaru aka warware, fallen yana nan yadda masaƙiya ta sauke shi.

Idan yanka ya zama dole

Jaka mai faɗin 35, tsayin 35 da zurfin 10 tana buƙatar falle biyu masu santimita 48 a faɗi da 43 a tsayi, da izinin ɗinki na 1.5 ko'ina. Kada a rage shi zuwa 1 kamar yadda ake yi wa yadin inji, saƙar hannu tana cinye gefe. A tsara awon yadda layin pallay zai zo a tsakiya ko biyu su zo daidai hagu da dama, yankan kuma ya faɗa cikin pampa. Yanke zane a rabi yana ɓata kyan jakar, kuma a wurin zanen ne zare yake tsallake wasu, ya fi saurin zamewa.

Tsarin aikin shi ne a ɗaure kafin a yanka. A zana layi da alli. A liƙa gam na teloli, irin saƙaƙƙe mai laushi wanda ake mannawa da dutsen guga, a bayan yadin har ya wuce layin da santimita 2. A ɗora ƙyallen auduga a kai, a danna daƙiƙa 10 zuwa 12 a ɗaga, ba a jan dutsen. Ulu yana ɗaukar zafi har kusan digiri 150. Zaren roba kada ya wuce 110, in ya wuce sai ya yi sheƙi ya taurare, kuma ba ya gyaruwa. Sannan a bi gefen layin ta ciki da ɗinkin zigizag sahu biyu, a bi ta waje da sahu ɗaya domin ragowar ma ta tsira, a yanka a tsakaninsu.

Yankan da ya bi tsawon layuka shi ne mai haɗari. Yana katse zaren kwance wanda shi kaɗai ke riƙe da dubban zaren tsaye a matse, da zarar ya katse sai su fara zubewa gefe ɗaya bayan ɗaya, kafin a kai keke an rasa santimita guda. Duk inda zai yiwu, a bar gefen asali na masaƙiya ya zama ɗaya daga cikin gefunan jakar.

A keke, allura lamba 90 ta isa lliklla, frazada sai 100 ko 110. Tsawon ɗinki milimita 3 zuwa 3.5; gajeren ɗinki yana tsinka zaren ulu maimakon ya ratsa tsakaninsa. A sassauta dannin ƙafar keke. Idan akwai ƙafar da ke jan yadin sama da na ƙasa tare, a sa ta, in babu a fara kama falle biyun da dogon ɗinkin hannu, domin na sama yana miƙewa ya wuce na ƙasa, layukan su ƙi haɗuwa.

Shafi da maratayi, inda nauyi yake

Ka'idar ita ce saƙar ta zama riga, shafi ya zama jakar. A yi shafin da kanbas na auduga mai nauyin giram 300 zuwa 350 a kowace murabba'in mita, wanda aka riga aka wanke. A yanka shi da faɗi ɗaya da jakar amma tsayinsa ya gaza da santimita 1. Wannan santimita ɗaya ita ce ke sa littafi ko kwamfutar hannu su zauna a kan kanbas, ba su taɓa gindin saƙar ba. Shafin da ya fi jakar tsawo ba shi da amfani, yana tattarewa a ƙasa ulun ya ɗauki kayan.

Aljihu da zif duk a jikin shafi ake ɗinka su tun kafin a haɗa. Aljihun waya na 16 da 18 ya isa. Idan ana son zif a bakin jakar, a ɗinka shi tsakanin ƙyallen kanbas biyu masu faɗin santimita 4, su kuma a haɗa su da shafi. Haƙoran zif da suka kusanci ulu suna cizon gashinsa. Maƙalli mai ƙaiƙayi irin Velcro kuwa kada ya kusanci jakar sam.

Hannuwa biyu na kafaɗa, kowanne santimita 65 zuwa 70 na saƙaƙƙiyar igiyar auduga mai faɗin 2.5 zuwa 3, tazarar 13 tsakanin ƙafafun kowane hannu. A nutsar da kowace ƙafa santimita 5 tsakanin shafi da saƙa, a ɗinka ta a jikin kanbas da murabba'i mai giciye a ciki. Jakar da za ta ɗauki fiye da kilo 3, gara igiyar ta zagaya ta ƙarƙashin shafin ta fito ta ɗaya ɓangaren. Mai son chumpi ya zama maratayi ya shimfiɗa shi a kan igiyar auduga ya ɗinke gefe da gefe, in ba haka ba zai ƙara tsawo ya murɗe, zanen ya ɓace cikin lanƙwasa.

A zura shafin cikin jakar, baya da baya, a kalmashe bakinsa, a haɗa da ɗinkin hannu ko sahu ɗaya na keke milimita 5 daga baki. Kusurwoyin gindi su ne ke fara hujewa saboda ajiyewa a ƙasa. Fata mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5 da ta rufe gindin ta hau santimita 5 a jiki tana magance wannan, sai dai daga nan wanki ya zama na shafawa kawai, kuma fatar da ba a gyara rininta ba tana iya ɓata farin pampa.

Zanen da sunan mai shi

Zanen ba ado ne da aka ƙirƙira don masu yawon buɗe ido ba. Zanen da ake kira loraypo na Chinchero ne, kuma mutumin yankin yana iya gane ƙauyen mace daga mayafinta. A tsibirin Taquile na tafkin Titicaca, wanda UNESCO ta karrama saƙarsa a 2005, akwai ɗamarar da ke ɗauke da watannin shekara da ayyukan gona, maza ne ke saƙa huluna da tsinke, mata ke kan masaƙa. Sana'ar ta daɗe: mayafan Paracas da Julio C. Tello ya tono a gaɓar tekun Peru a shekarun 1920 sun kai shekara dubu biyu, kuma a daular Inka saƙa mai daraja, qompi, kyautar sarki ce da ake ƙulla amana da ita. Saboda haka mai ɗinka jaka don sayarwa ya ɗinka ɗan ƙyalle a cikin shafi mai ɗauke da garin da aka saƙa, irin gashin, da sunan masaƙiyar idan ta yarda. Idan yadin na inji ne, a rubuta na inji ne. Lliklla mai zane da yawa tana cin makonni, wani lokaci watanni, kuma duk jakar roba da aka sayar da sunanta tana karya farashin ta gaskiya a kasuwar Pisac ta Peru ko ta Tarabuco.

Kulawa

Ƙura da buroshi mai laushi ake kaɗe ta, ana bin tsawon layuka. Tabo kuma a danna shi da ƙyalle mai ɗan ruwan sanyi da sabulun ulu, kada a goga. Injin wanki, ruwan zafi da cuɗa suna sa gashin ulu ya sarƙe da juna, yadin ya tsuke ya yi tauri, shafin auduga bai tsuke tare da shi ba, jakar ta karkace. Jan cochinilla yana sauya kama da abin da ya taɓa shi: ruwan lemon tsami yana mayar da shi launin ruwan lemo, sabulu mai kaifi yana ja shi zuwa shunayya, bilic kuma yana cin launin da ulun gaba ɗaya. Rana mai zafi tana fara kashe rawaya da kore kafin sauran, don haka ba a barin jakar a bayan gilashin mota ko a rataye a taga.

Asu shi ne babban abokin gaba, kuma ya fi son ulun da gumi ko maiƙon abinci ya taɓa. Idan aka ga 'yan huji ko wani abu kamar yanar gizo a cikin ninki, a sa jakar a leda a fitar da iska a ɗaure, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako guda. A bar ta ta huce a cikin ledar kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kan ulun. Zaren da wani abu ya fizgo ba a yanke shi. A zura allura mai dakusasshen baki daga ciki a ja shi zuwa baya. Ƙaramin huji kuma a cike shi da zaren da aka ajiye daga ɗinkin tsakiya, ana bin hanyar zaren tsaye, a fara santimita 1 kafin hujin a wuce shi da santimita 1.